Dafin Da Ke Kwance A Kufai: Magana Ga Masu Rijiyoyin Tambuwal Da Kebbe

 Ga wata mas'ala wadda ta shafi kowane gida da ke jan ruwa da guga, tun daga Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna har Kebbe da Kuchi. Mas'alar kuwa ita ce ta wurin da aka taɓa yin wata sana'a mai dafi, kamar niƙan dutsen zinariya, ko jima da magungunan Turawa, ko ajiyar man fetur, sa'an nan aka tashi aka bar shi kufai. Masu aiki sukan kwashe injunansu su tafi, ciyawa ta rufe wurin, bayan 'yan shekaru a yanka filaye a sayar, a yi gini, a haƙa rijiya. Amma abin da ya zuba a ƙasa ba ya bin masu shi. Yana nan kwance, damina tana tura shi ƙasa kaɗan kaɗan, ba kuwa yadda za a san ko ya kai ga ruwan da ake sha sai ta hanyar awo.

Fasali Na Farko: Abin Da Ya Auku A Zamfara

Mutanen Kebbe ba sa bukatar a kai su nesa neman misali, gama maƙwabtansu na gabas sun gani da idonsu. Gulbin Zamfara, wanda ke ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, ta wajen Anka da Bukkuyum da Gummi yake biyowa. A dazuzzukan Anka da Bukkuyum kuwa akwai zinariya cikin dutse. A shekara ta 2009 kuɗin zinariya ya hau a kasuwannin duniya har oza ɗaya ya wuce dala 1,000, sai mutane suka dukufa haƙa. Suna kawo dutsen cikin gari a buhuna, su farfasa shi da guduma a tsakar gida, su niƙa da irin injin da ake niƙan hatsi, su wanke a bakin kududdufi, su shanya a inda yara ke rarrafe. Ba su sani ba, ashe jijiyar dutsen da suka tarar tana ɗauke da dalma mai yawan gaske.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka, watau MSF, suna yawon aikin sanƙarau, sai suka sami labarin yara suna mutuwa a ƙauyuka ba ƙaƙƙautawa. Yaro ya kama amai da ciwon ciki, ya shiga jijjiga, ya suma, ya cika. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Da aka aika da jinin yaran Turai aka auna, sai aka tarar dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta aiko da mutanenta suka bi gida gida a Dareta da 'Yargalma. Suka iske cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Cikin yara 204 da aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai matsayin da likita ke wajabta maganin fitar da dalma. A wasu tsakar gidaje, dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, alhali haddin da Amurka ke aiki da shi a lokacin ga filin wasan yara shi ne 400 cikin miliyan. Yaran da suka rasu a wannan annoba sun haura 400.

Likitoci suka ce magani ba ya amfani muddin yaro zai koma ya zauna kan ƙasar da ta cuce shi. Saboda haka sarakuna da hukuma suka hana niƙa a cikin gari, aka shiga kankare ƙasa da fartanya da shebur, tare da shawarar kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith. Aka fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, aka bi da Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru da Tungar Daji zuwa 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, kuma take da babban filin injuna a gefen gari inda tulin ragowar dutse ya taru, ta yi jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi. Jimla, an kwashe ƙasa da ɓarɓashin dutse fiye da mita murabba'i mai zurfi 27,000 daga gidaje da wuraren aiki 820 a ƙauyuka takwas, aka binne su a ramuka da aka tanada, aka zuba sabuwar ƙasa a gurbinsu.

Fasali Na Biyu: Abin Da Aka Samu Cikin Ruwa

Da ganin haka, sai tsoro ya kama masu lura, suka ce, in ƙasa ta ɓaci haka, yaya ruwan da ke ƙarƙashinta? A watannin Satumba da Oktoba na 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko da masana, tare da kayan awo na tafi-da-gidanka daga ƙasar Holan. Suka zaga ƙauyuka biyar, ciki har da Bagega da Abare da Dareta da Sunke, suna ɗibar ruwa daga rijiyoyi da kududdufai da burtsatse.

Haddin da Hukumar Lafiya Ta Duniya ta yanka wa dalma cikin ruwan sha shi ne maikurogiram 10 a lita ɗaya, ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya wadda aka fitar a 2007 ita ma haka ta ce. Maikurogiram kuwa shi ne giram ɗaya a raba shi miliyan. Domin ɗan kasuwa ya gane da lissafin da ya saba, giram ɗaya tak na dalma, in ya narke cikin durom 500 masu cin lita 200, ko jarka 4,000 masu cin lita 25, to, ruwan nan duka ya kai haddi.

Ga abin da awon ya nuna. Wasu rijiyoyin da bakinsu ke buɗe sun wuce haddi, har aka sami wadda ta ninka shi fiye da goma. Kududdufan da ake wanke dutse kuwa, wasunsu sun haura maikurogiram 1,000 a lita, watau ninki goma na abin da aka yarda dabba ta sha. Iskar wasu wuraren aiki tana ɗauke da tururin zaiba, wadda ake kama zinariya da ita sa'an nan a ƙone, har ninki ɗaruruwa na haddi. Amma ruwan burtsatse, wanda ke fitowa daga zurfi cikin bututu rufaffe, ba a same shi da laifi ba.

Daga wannan masana suka fahimci cewa dalmar ta sama ta shiga rijiyoyin. Ƙura ce iska ke zubawa, da guga da igiya da ake ajiyewa a ƙasa a sake jefawa, da ruwan sama da ke wanko tsakar gida ya gangara ta bakin da ba a ɗaga ba. Jijiyar ruwan ƙasa kanta ba ta kamu ba a lokacin. Fa'idar awon ke nan, da ba a yi shi ba, da an yi ta zato, ko a rufe rijiyoyi masu kyau a banza, ko a ci gaba da shan munana. Awo ya nuna inda za a sa kuɗi da ƙarfi, watau ɗaga bakin rijiya, da murfi, da yashewa, da hana dabbobi kududdufi.

Sai dai awon 2010 shaida ce kan 2010 kaɗai. Ƙasar da aka kwashe tana nan binne a ramuka, kowace damina kuma ruwa na ratsa ƙasa. Masu bin diddigi sun tarar wasu gidajen da aka share sun sake ɓaci, domin an koma shigo da dutse cikin gari. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙasar Shikira ta Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu. MSF ta miƙa aikinta na Zamfara ga hukumomin jiha a 2022. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adini a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Duk inda haƙa ta koma kuwa, buhunan dutse za su koma hanya.

Fasali Na Uku: Dalilin Da Ido Da Harshe Da Hanci Ba Su Isa Ba

Duk almajirin da ya karanta Ishmawi ko Iziyya ko Risala ya san ana duba ruwa ta fuska uku, launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Ya kuma san ruwan da ya jirkita saboda mazauninsa, kamar gishiri ko kanwar ƙasar da yake kwance a kai, bai fita daga tsarkakewa ba. Wannan hukunci ne na tsarki domin ibada, yana nan daram a muhallinsa. Amma mas'alar tsarki daban take da mas'alar cuta. Dalma a gwargwadon da ke lalata yaro ba ta sauya launin ruwa, ba ta ba shi ɗaci, ba ta ba shi wari. Ruwa yana iya zama garau, ya halatta a yi alwala da shi, alhali shansa kullum yana cutarwa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma ga ruwan da ya ɓaci bai yi tsami ba.

Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cutar amai da gudawa, amma ba ta fitar da dalma, sai ma ta ƙara mata kauri, gama ruwa ne ke tashi tururi ya bar ta a tukunya. Tacewa da ƙyalle ko sa alif yana kwantar da laka da abin da ya manne mata, wanda ya riga ya narke kuwa yana iya wucewa.

Cutar ta fi tsanani ga ƙananan yara, domin cikinsu yana tsotse dalma ninki huɗu ko biyar na abin da cikin babba ke tsotsewa. Mai yawa tana kisa. Kaɗan kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwa a ɓoye, yaro ya tashi da nauyin fahimta da raunin riƙo, malam ya yi ta biya masa allo ba ya zama, a ce masa daƙiƙi, alhali cuta ce aka shayar da shi. Abin da ya lalace a nan ba ya gyaruwa. Jiki yana ajiye dalma cikin ƙashi shekara da shekaru, in mace ta sami ciki sai ta fito ta shiga jinin ɗan tayi. Ga manya tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda. Hukumar Lafiya Ta Duniya ta ce babu wani gwargwado nata a jini da aka san ba ya cutarwa.

Fasali Na Huɗu: Yadda Ƙasar Tambuwal Da Kebbe Take Daga Ciki

Zinariyar Anka tana cikin tsohon dutse mai tauri, inda ruwa ke samun mazauni cikin tsaga da ruɓaɓɓen dutse kaɗai. In aka yi yamma sai ƙasa ta sake. Tambuwal da Kebbe suna cikin Kwarin Sakkwato, gefe ne na wani babban kwari wanda ya miƙa har cikin Nijar da Mali. A nan ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa ce kamar tabarmi da aka jera, yashi da tsakuwa, sa'an nan yumɓu, sa'an nan yashi kuma, a wani wuri da dutsen farar ƙasa irin na Kalambaina wanda ake yin siminti da shi. Shimfiɗun sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma. A shekarun 1960 masanan ƙasa na Nijeriya da na Amurka suka yi ta haƙa suna auna wannan kwari, Anderson da Ogilbee suka fitar da bayaninsa a 1973.

Ruwan ƙasa ba tafki ba ne a cikin kogo. Yana zaune ne a 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, kamar yadda ruwa ke zama cikin soso, yana kuma tafiya a hankali daga inda ya fi tudu zuwa inda ya fi gangare, galibi wajen gulbi da fadama. Yumɓu yana tare shi, yashi yana ba shi hanya. Saboda haka ruwa iri biyu ne. Akwai na sama, wanda rijiyar hannu da 'yan bututun fadama ke sha daga gare shi, ba abin da ya raba shi da doron ƙasa sai 'yan gabobi na yashi. Akwai na zurfi, wanda yumɓu ya rufe, burtsatse ke kaiwa gare shi. Na sama shi ne ya fi saurin kamuwa. Na zurfi ma yana kamuwa in aka haƙa burtsatse aka bar gefen bututu ba a liƙe da siminti ba, sai ramin ya zama hanyar da ruwan sama mai dauɗa zai bi ya sauka.

Jinkirin tafiyar ruwan nan shi ke ruɗin mutane. A ɗauki misali, in ruwa yana matsawa santimita 10 a yini, a shekara zai ci mita 36 da 'yan kai. Rijiyar da ke nesa da kufai da mita 360 za ta yi shekara goma tana ba da ruwa mai kyau, kāna abin ya iso, lokacin kuwa an manta da wanda ya yi aiki a wurin.

Dafi kuma hali-hali ne. Dalma takan manne wa yumɓu da farar ƙasa, ba ta saurin tafiya, sai in ta gamu da ruwa mai tsami, irin ruwan batir, wanda ke narkar da ita. Man fetur yakan sauka ya yi iyo a kan ruwan ƙasa, wani sinadari nasa mai suna benzin ya narke ya bi ruwa, shi kuwa yana kawo sankarar jini. Gishirin naitaret, wanda ke fitowa daga takin zamani da masai, ba abin da ke riƙe shi, haddinsa miligiram 50 a lita, in ya wuce yana cutar da jarirai. Kuromiyam, wanda majemun zamani irin na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano ke jeme fatun jar akuyar Sakkwato da shi, haddinsa maikurogiram 50. Jimar gargajiya da bagaruwa ba ta da wannan.

To, wuraren da ya kamata a sa wa ido ke nan, tsohon gidan mai a bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega wanda tankinsa ke binne, da inda ake fasa tsofaffin batura, da garejin da aka daɗe ana zubar da baƙin mai, da ɗakin ajiyar maganin feshi da taki, da duk inda aka taɓa sauke buhunan dutsen haƙa ko aka niƙa shi.

Fasali Na Biyar: Yadda Ake Tsaron Ruwan Kufai

Aikin farko tambaya ce. A tara dattawan unguwa da mai unguwa, a rubuta wace sana'a aka yi a wurin, daga wace shekara zuwa wace, ina ake zubar da ruwan wanki, ina aka binne shara. Abin da tsoho ɗaya ya tuna yana iya rage kuɗin haƙa rami goma.

Na biyu, a san inda ruwan ƙasa ya nufa. Ana auna tsawon fuskar ruwa a rijiyoyi uku da suka yi murhu, a kwatanta su bisa ma'auni ɗaya, inda ya fi ƙasa can ruwa ya dosa.

Na uku, a kafa rijiyoyin tsaro. Waɗannan 'yan siraran burtsatse ne masu murfi da kwaɗo, ba a sha daga gare su, domin awo kaɗai aka yi su. Dokar Amurka kan wuraren zubar da shara mai dafi ta ce a sa aƙalla ɗaya ta sama, inda ruwa ke fitowa bai taɓa kufai ba tukuna, da uku ta ƙasa, inda ya bi bayan ya ratsa shi. Ta saman ita ce shaidar asalin ruwan. In aka sami abu a na ƙasa wanda babu shi a ta sama, to, daga kufai ya fito, ba mai gardama. Inda ba a da kuɗin haƙa sababbi, sai a zaɓi rijiyoyin da ke akwai bisa wannan tsari.

Na huɗu, ɗibar ruwa tana da ladubba. Akan fara janye ruwan da ya daɗe tsaye cikin bututu, kamar cikinsa uku, domin a sami wanda ya fito daga yashi yanzu. A zuba a kwalba wankakkiya wadda ɗakin awo ya bayar. In dalma ake nema, akan ɗiga wani ruwa mai tsami domin kada ta manne wa jikin kwalba. A rubuta sunan rijiya da rana da sa'a da sunan mai ɗiba, a liƙe, a sa cikin ƙanƙara, duk wanda ya karɓa kuma ya sa hannu, kamar yadda ake miƙa amanar kaya daga fatake zuwa dillali. Masu hankali sukan haɗa da kwalba guda ta tataccen ruwa wanda aka san ba kome cikinsa, su kuma raba ruwan rijiya ɗaya kwalba biyu da suna daban. In ɗakin awo ya ce ya ga dalma a tataccen, ko ya ba tagwayen amsa biyu masu nisa, an gane ma'auninsa ba daidai yake ba. Ɗan kasuwar da ya saba gwada mudu kafin ya yarda da awo ya san hikimar wannan.

Na biyar, a maimaita. Mafi ƙaranci sau biyu a shekara, ƙarshen rani sa'ad da ruwa ya ja baya, da ƙarshen damina sa'ad da ya taso ya taɓa ƙasar sama. A riƙe littafi guda, kowane awo a rubuta shi ƙarƙashin na bara. Lamba ɗaya ba ta faɗin kome sosai, jerin lambobi ne ke nuna ko abin yana hawa ko yana sauka. In rijiyar tsaro ta fara hawa, an sami sararin sauya wa mutane ruwa tun bai kai randunansu ba.

Fasali Na Shida: Har Yaushe?

Dokar Amurka da aka ambata ta sa shekara 30 na tsaro bayan an rufe wuri. Abin da ya faru a ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas ya nuna ba a yi yawa ba. An daina haƙar mai a can tun 1993, amma da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da bincikenta a watan Agusta na 2011, sai ga shi a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan rijiya mai benzin fiye da ninki 900 na haddi, an kuma tarar da mai kaurin santimita 8 yana iyo a kan ruwan ƙasa. Hukumar ta ce gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Fataken da ke zuwa Agadas da Arlit sun san mahaƙar yuraniyom ta kamfanin COMINAK a Akokan. Ta yi aiki daga 1978, aka rufe ta a ƙarshen Maris na 2021, ta bar tulin ragowar dutse mai kimanin tan miliyan 20. A lokacin rufewar, kamfanin ya ce zai lulluɓe tulin da yumɓu da duwatsu, ya ci gaba da auna ruwan ƙasa, gama garin na cikin hamada, ba shi da wani ruwa sai na ƙarƙashinsa.

Fasali Na Bakwai: Abin Da Ya Hau Kan Kowa

Ɗan kasuwa, kada ya sayi buhun da aka ɗauko dutsen haƙa da shi ya zuba gero ko shinkafa. Mai injin niƙa, kada ya karɓi dutse a injin hatsi kome yawan ladan. Wanda ya je ci-rani mahaƙa, ya yi wanka ya sake tufafi a can, kada ya shigo wa 'ya'yansa da ƙura. Mai sayar da kwalli ya sani baƙin dutsen nan mai walƙiya yawancinsa dalma ne, a 2012 CDC ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston wanda aka sami dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Mai sayen fili kuwa ya tambayi tarihinsa kafin ya biya, mai sayarwa ya bayyana abin da ya sani, gama ɓoye aibin kaya a ciniki malamai sun san hukuncinsa.

Mai rijiya ya ɗaga bakinta ya daɓe kewayenta da siminti, ya yi mata murfi, ya kafa marataya domin guga da igiya, ya nisanta masai da ita kamar mita 30, ya kuma sa shi ta gangare.

Hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su sa a rubuta kufan sana'a da ke ƙasarsu, su nemi a auna rijiyoyin da ke kusa da su, a fara da na masallatai da makarantun allo da kasuwanni, inda jama'a suka fi sha. Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa sanannu ne, hukumar ruwa da tsabtar karkara ta jiha, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da hukumar NESREA wadda aka kafa a 2007 domin tsare dokokin muhalli, da masanan Jami'ar Usmanu Danfodiyo. In an auna, a nemi sakamako a rubuce, a karanta wa jama'a da Hausa, a ajiye kwafe a fadar hakimi.

Malamai kuwa, a Anka da Bukkuyum an ga yadda maganar sarki da ta limami ta fitar da injuna daga cikin gari. In aka ga yara a unguwa ɗaya suna jijjiga ba zazzaɓi, ko kaji da awaki suna mutuwa a bakin wani kududdufi, a gaggauta kai labari asibiti, a roƙi a auna jini, a daina shan ruwan wurin har sakamako ya fito. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya kiyaye yaran Tambuwal da Kebbe, ya ji ƙan waɗanda suka rasu a Zamfara da Neja, ya ba iyayensu haƙuri. Wassalam.